Talla da Barin Makaranta: Yadda Wata Ɗaliba Ta Rushe Bincikenta Ta Sake Gini a Katsina

Asalin lamarin

Ɗalibar haifaffiyar cikin birnin Katsina ce, tana digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewar al'umma. Kafin ta koma karatu ta yi shekara huɗu tana koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta 'yan mata, kuma daga can ta ɗauko batun kundinta. Duk shekara aji ɗaya kan cika har wasu su zauna a ƙasa, amma kafin a kai aji uku benci ya fara yin sarari. Wasu daga cikin yaran da suka ɓace daga rajista takan yi kiciɓis da su a bakin titi, tire a ka, suna tallar awara ko gyaɗa ko kwaɗon zogale. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne ga kowane yaro a Najeriya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne me ke fitar da waɗannan yara kafin su cika taran.

Taken da ta fara rubutawa shi ne illar talla ga karatun 'ya'ya mata. Ni abokiyar karatunta ce, sai dab da ƙarshe na sa hannu a aikin. Abin da ya gabaci haka na samo shi daga littafin da take rubuta aikin kowace rana, da izininta.

Oktoba zuwa Nuwamba: zagayen bakin titi

Ta buga kwafi 80 na takardar tambayoyi da Turanci, tana fassarawa da baki idan ta tsayar da yarinya. Mako biyar ta yi tana fita, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12, domin da yamma tana da lacca. Wuraren da ta bi su ne tashar mota, bakin babbar kasuwa, da wajen Ƙofar Ƙaura. Duk yarinyar da ta gani da tire sai ta kira ta, ta ɗan yi ciniki, sannan ta fara tambaya.

Tambaya ta bakwai, yadda take fitowa daga bakinta, ita ce: "Talla ce ta hana ki zuwa makaranta, ko ba haka ba?" Ta takwas kuma: "Da za a ɗauke miki talla, za ki koma?" Amsar kusan kowace yarinya ɗaya ce: "E, Anti." A mako na biyu wata ta tambaye ta ko sunayen masu samun tallafi ake rubutawa, washegari kuma ta zo da ƙannenta biyu a rubuta su. Ɗalibar ta sa wannan a littafinta a layi ɗaya, ta wuce.

Da ta tattara, kusan duka yaran ba sa zuwa makaranta, kuma kusan duka sun ɗora wa talla. Cikin kwana goma ta gama babi na huɗu.

Disamba: zama da mai duba aikin

Malamin ya karanta babin, ya ajiye, ya ce mata: "Malama, yarinyar da ke talla kuma tana zuwa makaranta, ina take da ƙarfe 10 na safiyar Talata?"

Ta ce, "Tana aji, Malam."

"To ta wace ƙofa za ta shiga cikin tamanin ɗinki? Wadda kuma ta bar makaranta amma ba ta talla, ita ina take?"

"Tana gida."

Ya zana mata gida huɗu a takarda: mai talla mai zuwa makaranta, mai talla da ta daina zuwa, marar talla mai zuwa, marar talla da ta daina. Wurin da ta tsaya da lokacin da ta tsaya gida ɗaya kawai suke iya cikawa. Ya kuma ja layi a ƙarƙashin kalmar "illa" da ke cikin take, da tambaya ta bakwai.

Ta ce to bari ta ƙara yawan takardun zuwa 300. A nan ya ba ta labarin zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta sanar cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Aka yi zaɓe, Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo adireshi daga kundin masu wayar tarho da rajistar masu mota, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka damu suka mayar da amsa ba su yi kama da waɗanda suka yi shiru ba. Wani mai binciken ra'ayin jama'a, George Gallup, da mutum kimanin 50,000 kacal, ya faɗi wanda zai ci daidai. Malamin ya ce idan ta koma tasha da ƙarfe 10 ta cika takarda 300, amsar nan dai za ta sake samu, sai dai ta fi ta farko kauri.

Janairu: gyaran da bai gyara ba

Ta yanke shawarar bin gidaje. Ta zaɓi unguwa ɗaya a cikin birni, ta je ta gaida mai unguwa kamar yadda ya kamata, ta yi bayani. Ya karɓe ta hannu biyu, ya haɗa ta da wani saurayi ya zagaya da ita gida 25. Ta tafi da ƙaninta yana riƙe mata takardu.

Da yake akwai maza a tafiyar, a zaure ake tsayawa, maigida ya fito. Amsoshin suka juye gaba ɗaya: yara duk suna makaranta, babu mai talla. A wani zaure suna cikin magana wata yarinya ta fito da bokitin awara ta raɓa ta gefensu ta fice. Ɗalibar ta dubi maigidan, ya ce, "Wannan harkar uwarta ce, Malama." Daga baya ta lura yawancin gidajen 25 na bakin hanya ne, na ma'aikata da 'yan kasuwa da dangin mai unguwa. Shi a wajensa karamci ne a kai baƙuwa inda za a shimfiɗa mata tabarma mai kyau.

Mako biyu aka yi a haka. Yanzu tana riƙe da sakamako biyu daga gari ɗaya, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa.

A wannan tsakanin ta karanta aikin Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa, nan kudu da Katsina, a ƙarshen shekarun 1960. Hill ta nuna yadda matan kulle ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin ɗakunansu, wanda mai tsayawa a kasuwa ba zai gani ba, kuma yara ne ke kai da kawowa. Ɗalibar ta rubuta a littafinta cewa jarin na uwa ne, ribar ta uwa ce, ita ke aiken yarinyar, amma har yanzu ba ta tambayi uwa ko ɗaya ba.

Fabrairu zuwa Afrilu: komawa tushe

Wata uku ba ta cika takarda ko ɗaya ba. Abu na farko da malamin ya sa ta yi shi ne rubuta shafi guda: mene ne zatonta, me za ta gani idan gaskiya ne, me za ta gani idan ba gaskiya ba ne. Ta rubuta cewa idan talla ce ke fitar da yara, to a cikin waɗanda suka daina zuwa ya kamata a ga talla ta riga fashin makaranta, kuma masu talla su fi marasa talla dainawa. Idan aka ga fashi ne ke fara zuwa sannan talla ta biyo baya, zatonta ya faɗi. Ta sa kwanan wata da hannu, malamin ya kulle shafin a durowarsa. Wannan ita ce ƙa'idar da masanin falsafa Karl Popper ya shahara da ita tun 1934, cewa magana ba ta zama ta kimiyya sai an iya faɗin abin da zai ƙaryata ta. Amma malamin ya fi son kawo masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda a littafinsa Muƙaddima na 1377 ya lissafa hanyoyin da ƙarya ke shiga labari, ya sa karkata ga ra'ayi a gaba: idan zuciya ta riga ta jingina da wani ra'ayi, tana jin labarin da ya dace da shi sai ta karɓa ba tare da tacewa ba. Ya ambaci yarda da mai ba da labari fiye da kima, da kuma faɗa wa manya abin da suke son ji. Ɗalibar ta ce wannan ai ta san shi tun a Islamiyya, inda aka koya mata ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ji daga wa.

Sai jerin gidaje. Ita da wata malamar Islamiyya 'yar unguwar suka bi lungu-lungu suna zana taswira a littafi. Ba su sa alli a bango ba, don kada a ɗauke su ma'aikatan allurar rigakafi ko masu ƙidaya. Sun samu gida 186 da ke da yarinya 'yar shekara 10 zuwa 16. Aka rubuta lambobin a guntayen takarda, aka naɗe, aka zuba a ƙwarya, aka kira wani yaro ya zaro 70 a gaban mai unguwa. Da ya ga gidan ƙaninsa bai fito ba ya tambaya, ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙuri'a ce, ni ma ba ni na zaɓa ba." Ya gamsu, domin duk mai zubin adashi ya san hukuncin ƙuri'a. Gidan da ke da yarinya fiye da ɗaya, a can ma ƙuri'a ce za ta fitar da wadda za a tambaya.

Tambayoyin ne suka fi cin lokaci. Ta rubuta su da Hausa tun daga farko, ta ba wani ɗalibi ya mayar da su Turanci ba tare da ya ga na asali ba, don a ga ko ma'ana ta zame. Sannan ta gwada su a gida takwas na wata unguwa daban. Gwajin ya tono abubuwan da ba ta taɓa kawowa a rai ba. Idan aka ce wa mace "kina aiki?" sai ta ce a'a, domin aiki a wajenta na albashi ne, idan aka ce "wace sana'a kike yi?" sai ta lissafa uku. Kalmar "makaranta" ita kaɗai tana ɗauke da boko da Islamiyya da allo, don haka yarinyar da ta ce tana zuwa makaranta ba ta yi ƙarya ba ko da rabonta da boko shekara guda. Uwa kuma ba ta cewa ɗiyarta ta daina muddin sunanta na cikin rajista. Aka sauya tambayar ta koma: "A makon jiya, kwana nawa ta je makarantar boko?"

Tambaya ta bakwai aka cire ta ɗungurungum. A madadinta aka sa: "Ba ni labarin yadda aka yi ta fara rage zuwa." Don a gane abin da ya riga wani, aka jingina lokaci da abin da mutane ke tunawa da shi: kafin ƙaramar Sallah ko bayanta, da damina ko da kaka, kafin haihuwar ƙaninta ko bayan suna. Aka kuma rubuta gabatarwa guda da za a faɗa a kowane gida ba ragi ba ƙari: ba daga gwamnati ba ne, ba daga ƙungiya ba ne, babu tallafi, ba za a rubuta suna ba, kuma wadda ba ta so tana iya cewa a'a.

Ta jira hutun zango na biyu ya wuce, domin lokacin hutu har 'yan makaranta suna tallar safe.

Mayu zuwa Yuni: cikin gidaje

Mata biyu kaɗai ke fita, ita da malamar Islamiyyar. Sai an nemi izinin maigida, sannan a shiga ciki. Uwa ake fara tambaya, bayan haka da yardarta a zauna da yarinyar a gefen tsakar gida, inda uwar ke ganinsu amma ba ta tsoma baki. Sun rarraba lokutan zuwa: hantsi, bayan la'asar, da ranar Asabar. Gidan da ba a samu kowa ba sai an koma sau uku, kuma ba a maye gurbinsa da na maƙwabta komai sauƙin hakan. Cikin 70, an kammala 61, biyar sun ƙi, huɗu ba a same su ba. Ta rubuta waɗannan tara da dalilin kowanne.

Wata dattijuwa da ke riƙon jikarta ta saurari gabatarwar ta ce, "Ke 'yar nan, in ba tallafi, me zan samu?" Ta ce, "Babu komai, Inna, sai dai abin da kika faɗa a rubuta shi yadda kika faɗa." Tsohuwar ta gyara zama ta yi kusan awa guda tana magana.

A ƙarshen makon farko abokiyar tafiyarta ta gaya mata abin da ita ba ta gani ba. Idan uwa ta zargi talla, sai ta gyaɗa kai, alƙalami ya yi sauri, ta ƙara tambaya. Idan uwa ta ce da kuɗin talla ake sayen littafi, sai ta yi shiru ta wuce gaba. Mata kuwa suna karanta fuska. Daga ranar suka tsayar da ƙa'ida: bayan kowace amsa, kowace iri ce, bibiya ɗaya ce, "Sai me ya faru?" Suka kuma riƙa karɓa-karɓa, yau wannan ke tambaya waccan na rubutu, gobe a juya.

Yuli: tantance amsoshi

A nan na shigo. Ta riga ta rarraba labaran 61 rukuni-rukuni: me ya fara zuwa, kuma mene ne dalili. Aka ba ni kwafi babu rabonta a jiki, na yi nawa rabon ni kaɗai. Da muka gwama, mun saɓa a 11. A tara daga ciki ita ta sa "talla ce ta fara", ni kuma na sa wani dalili ko "bai fito fili ba". Ba mu yi ja-in-ja a kai ba. Ta koma gida huɗu ta sake tambaya a kan lokaci, sauran bakwai muka bar su a matsayin waɗanda ba a tantance ba, kuma haka suka shiga kundi.

Agusta: buɗe durowa

Malamin ya fito da shafin Fabrairu aka karanta shi kusa da sakamako. Duka gidaje huɗun da ya zana a Disamba sun samu masu shiga. A cikin masu talla, mafi yawa suna zuwa boko da safe, tallarsu ta bayan la'asar ce ko ta ƙarshen mako, kuma iyaye mata da dama sun ce daga nan ake ɗinka yunifom, a sayi littafi, a ba da kuɗin tara, a zuba adashin kayan ɗaki. A cikin waɗanda suka daina zuwa, a labarai da yawa fashi ne ya riga: jinya, ko haihuwar uwa da renon ƙani, ko rashin kuɗin wani abu da aka nema a makaranta, ko baiko. Bayan yarinya ta zauna a gida ne aka ɗora mata tiren safe. A wannan ɓangare zatonta ya faɗi bisa sharaɗin da ta gindaya da hannunta.

Amma akwai rukunin da zaton ya tsaya. Gidajen da sana'arsu abincin safe ce, ƙosai da koko da waina da ɗanwake, dole a sayar kafin ya huce. Yarinya ta fita tun da sassafe, ta dawo ta makara, ta rasa darasin farko, a hore ta a bakin ƙofa, gobe ta ji nauyin zuwa, a hankali kwana biyar ya koma biyu. A nan talla ce ta riga, kuma uwa da ɗiya sun ba da labari iri ɗaya.

Ta sauya take ya koma kan lokacin talla da halartar makaranta. Ta rubuta sakamakon da adadin yara, ta ƙi mayar da shi kashi cikin ɗari na Katsina. Ta lissafa iyakokin aikin: unguwa ɗaya ce ta cikin birni, gida tara ba su shiga ba, kuma an dogara da abin da mutane suka iya tunawa. Takardu 80 na farko ba ta zubar ba, ta sa su a babin hanyar bincike ta bayyana yadda aka same su.

Hukunci

A ganina babu wanda ya yi mata ƙarya a zagaye biyun farko. Yaran tasha sun amsa tambayar da aka riga aka cusa wa amsa, ga babba mai takarda da suke fatan alheri daga gare ta. Magidanta sun kare mutuncin gidansu a gaban baƙi, a kan harkar da ba su ke riƙe da ita ba. Mai unguwa ya yi karamci. Ita kanta abin da ta gani da idonta a aji gaskiya ne, tausayin yaran ne ya sa ta yi gaggawar ɗaure shi da dalili ɗaya. Shi ya sa nake ganin nasihar "ki cire son zuciya" da ba ta amfane ta da komai ba, domin ba ta san yana nan ba. Abin da ya yi aiki shi ne duk inda hannunta zai iya karkata an ɗauke zaɓin daga hannunta: ƙwarya ta zaɓi gida, rubutacciyar tambaya ta hana bakinta ƙari, abokiyar tafiya ta tsare fuskarta, ni na tsare rabonta, shafin durowa kuma ya hana ta sauya ma'auni bayan ta ga sakamako. Cikin waɗannan shafin ne mafi arha, kuma shi na fi ba muhimmanci, domin ba don shi ba da rukunin masu abincin safe kaɗai ya isa ta ce ai dama ta faɗa.

Akwai abin da bai gyaru ba. An san ta malamar boko ce a garin, kuma uwa za ta fi son ta ce jinya ce ta zaunar da ɗiyarta da ta ce ita ta aike ta talla. Tambayar uwa da ɗiya daban-daban ta rage wannan, ba ta kawar da shi ba, kuma ina ganin da an haɗa da rajistar halarta ta makaranta da lokutan sun fi tabbata.

A watan Satumba ta rubuta taƙaitaccen bayani shafi biyu da Hausa, ta kai wa mai unguwa da shugabar makarantar da yawancin yaran ke zuwa. Shugabar ta nemi sunayen yaran gidajen abincin safe don ta bi su. Ɗalibar ta ce ta yi wa iyayensu alkawari ba za ta ba da suna ba. Abin da ta iya bayarwa shi ne shawarar a duba rajistar masu makara ta zangon da ya wuce, a ga su wa ke isowa bayan darasin farko, kafin a sake tsayar da su a bakin ƙofa.